Baƙin da Malam Iliya Ya Bari a Kwalba

Ranar Talata da hantsi ina wani ƙauye a bayan Doguwa, mata sun yi layi a gindin ɗorawa, ina yi wa 'ya'yansu allurar rigakafin ƙyanda, sai na hango Ɗanladi direbanmu tafe a ƙasa, wandonsa a jiƙe har cinya. Sai Asabar muka yi da shi zai zo ɗaukata, kuma da mota. Ya tsaya can gefe, bai yi mini tsiyar da ya saba ba, ya jira har na sallami yaron da ke hannuna. Sannan ya matso ya durƙusa ya ce, "Malam Sabo, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Iliya rasuwa jiya bayan la'asar. An kai shi kafin magariba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a na baro shi a bakin ɗakin gwaji yana wanke kwalabe, ya ce mini dai kansa na ɗan sarawa. Ashe zazzaɓin da zai tafi da shi ne ya soma, kwana huɗu kacal. Na zauna a kan akwatin magani. Ɗanladi ya ƙara da cewa, "Ya bar maka saƙo, sau biyu ya maimaita wa maiɗakinsa. Ya ce a gaya wa Sarkin Allura Alhamis ce ranar baƙi. Ya ce kada ka ji tsoro, hannunka zai iya." Ɗanladi ya ɗauka zafin ciwo ne ya sa shi sambatu. Ni kuwa na san baƙin da yake nufi, kuma wallahi tsoron da ya ce kada in ji a nan take ya kama ni.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Iliya shi ne mai gwaji a ƙaramin asibitin da muke aiki a Tudun Wada. Ni malamin magani ne, ni ke ba da ƙwaya, ni ke yin allura, shi ya sa ya laƙaba mini wannan sarauta. Shekara tara ɗakina na kallon ɗakinsa. Mutanen gari Mai Madubi suke ce masa, saboda madubin likitan da yake duba jini da fitsari da shi. In faɗi gaskiya, mutum ne mai nawa a aiki, ni kuma mai gaggawa ne, kuma mun sha samun saɓani a kan haka. Layi zai cika a ƙofata, in aika masa a kawo sakamakon jini, ya ce a gaya mini bai gama dubawa ba. Idan na taso da kaina ina faɗa, ko ɗago kai ba ya yi, sai ya ce, "Malam Sabo, abin da ban gani ba ba zan rubuta na gani ba. Je ka sha ruwa ka dawo." Sai in koma ina ƙunƙuni. Ban taɓa kama shi da sakamakon ƙarya ba.

Akwai ciwon da a wajenmu ake kira ciwon iska. Yakan kama ƙaramin yaro da ya tashi daga ƙyanda, jiki ya rame, abinci bai wadata ba. Ɗan gyambo ne yake farawa a dasashi, kafin mako ya zagayo ya ci leɓe, ya huda kunci, har haƙora su bayyana ta waje. A shekarun da suka biyo bayan babban farin da aka yi na rashin ruwa mun gan shi da yawa. Warinsa kan riga yaron shigowa. Ba na jin kunyar faɗa, ni kaina nakan sa gefen riga in toshe hanci. Malam Iliya bai taɓa yi ba. Zai durƙusa a gaban uwar, ya gaida yaron da sunansa, ya sa fuskarsa dab da bakin nan yana dubawa kamar babu komai. Na tambaye shi ko hancinsa ne ya mutu. Ya ce, "Ina ji sarai. Amma uwar tana kallon fuskata. Tun daga gida kowa ke kau da kai daga ɗanta, ba za ta zo nan ma a yi mata haka ba."

Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Ya ce yana da ƙanwa, Talatu, da wannan ciwo ya kashe tana shekara huɗu, shi yana ɗan makaranta. An yi mata hayaƙi, an yi rubutu, an ce iska ce ta taɓa ta. Ƙauyen nasu yana cikin waɗanda aka tasa da ruwan Tiga ya cika, aka mayar da mahaifiyarsa sabon matsuguni a bakin dam. Ya ce, "Yanzu ko kabarin Talatu ba zan iya nuna maka ba, kifi ne ke wucewa ta kai." Bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba.

Wata safiya ya kira ni ɗakinsa ya ce in leƙa. Ya manna 'yar baƙar takarda a ƙarƙashin madubin, ya karkato hasken rana, har filin da ake gani ya zama baƙi ƙirin. A cikin baƙin nan sai ga wasu 'yan siraran abubuwa farare, murɗaɗɗu, suna juyawa kamar mazari, suna kutsawa nan da can. Ya ce daga dasashin wata yarinya ya kankaro su. Na ce to ai shi ke nan, an kama ɓarayi. Ya ce, "A'a. Ban ce su ne ɓarayin ba. Na dai same su a gidan da aka yi sata." Ya sa tsinke ya kankaro nawa dasashin, ya ɗora, sai ga su nan, ko da yake ba su kai na yarinyar yawa ba. Na ɗago kai daga madubin. Ya ce, "Ka gani? Suna bakinka, suna bakina, ba su cinye mana fuska ba. Me ya sa sai ta yaron da ya sha ƙyanda da yunwa? Su ne suke canzawa, ko yaron? Ko iri-iri ne, mu ne muke ganinsu ɗaya? Ba wanda zai sani sai an ware su su kaɗai, an yi kiwonsu a kwalba, an yi musu tambaya."

Na ce, "Malam Iliya, allurar penisilin tana tsayar da ciwon idan an kawo yaro da wuri. Mutane na neman yadda za su kashe abu, kai kana neman yadda za ka raya shi?" Ya yi dariya ya ce, "Da wuri fa ka ce. Yara nawa ake kawo maka da wuri?" Ni ma na san yawancinsu sai kunci ya huje suke isowa.

Daga nan ya shiga wahalar da ta ci masa shekara huɗu. Baƙi yake kiran 'yan murɗaɗɗun nan, wai don ba a san abin da suke so ba sai an yi ta miƙa musu. Ya rubuta wa wani likita a babban asibitin birni, aka aiko masa da 'yan takardu da wani gari wanda idan an dafa shi ya huce yakan daskare kamar romon ƙafar sa da ya kwana. Sauran kayan duk shi ya haɗa. Ya dafa musu romon zuciyar sa, suka ƙi. Ya sa kiwon zomaye a bayan gidansa don ya riƙa samun farin ruwan da ke tasowa a kan jininsu idan ya kwanta, suka ɗan leƙo suka mutu. Daga baya ya karanta cewa wasunsu suna son ruwan tumbin saniya, sai ya zama duk ranar kasuwar Kiru yana wurin mahauta da gwangwani. Mahautan suka yi ta yi masa shaƙiyanci, suna cewa, "Mai Madubi, ga nama ka ƙi, sai ƙazantar ciki? Ko dai miyar gidanka ce?" Shi dai ya biya su da murmushi, ya zo ya tace, ya dafa, duk asibiti ya ɗauki wari, ni kuma in yi ta mita.

Babbar matsalar ita ce baki ba su kaɗai ba ne a ciki, akwai ƙwayoyi iri-iri, kuma duk sun fi su saurin yaɗuwa. Dabarar da ta yi masa aiki a ƙarshe ita ce ya huda ɗan rami a tsakiyar daskararren abincin, ya sa abin da ya kankaro a ciki. Sauran ƙwayoyin sai su tsaya a bakin ramin. Waɗannan kuwa da yake murɗaɗɗu ne, sai su huda su yi nisa, bayan kwanaki a ga wani dishi-dishi kamar hayaƙi ya bazu a ciki. Daga can ƙarshen hayaƙin yake yanko ɗan mitsitsi ya kai sabuwar kwalba. Shi ne abin da yake kira canza musu gida, kuma duk mako sai an yi, in ba haka ba su ƙare abincinsu su mutu.

Sai kuma iska. Ranar da ya tabbatar da wannan ya shigo ɗakina yana dariya har da riƙe ƙofa. Ya ce, "Sarkin Allura, ka ji abin mamaki. Mutanenmu suna cewa ciwon iska, ciwon iska. To waɗannan bayin Allah ba abin da ke kashe su kamar iska. Minti kaɗan ta buge su, sun tafi." Ya samo babbar kwalbar alewa daga wani mai kanti, ya riƙa jera 'yan siraran kwalabensa a ciki, kowace da toshin auduga. Yakan jiƙa soson ƙarfe da wani shuɗin ruwan magani ya sa a gindi, wai yayin da soson yake tsatsa yana shanye abin da ke cikin iskar da ba sa so. Murfin kuma ya liƙe shi da kakin zuma da masu cin zuma na wajen Falgore suke kawo masa. Don su samu ɗumi irin na jikin mutum, ya gyara wani tsohon akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai fitilar kananzir. Asibiti ba mai kula da lagwani ranar hutu, sai ya kai akwatin gida ya ajiye a ɗakinsa. Maiɗakinsa Binta ta san ƙa'idar fitilar kamar yadda ta san murhunta.

Ban iya ƙirga sau nawa suka mutu ba. Wani lokaci kaki ne ya tsage, wani lokaci fitila ta yi zafi, wani lokaci ba a san dalili ba. Zai zo da safe ya ce mini, "Baƙi sun yi fushi sun tafi," ya wanke kwalabe ya sake. Ni da nake masa tsiya, a hankali na zama ni ke riƙe masa fitilar ƙona wayar da yake yanko su da ita idan zai yi canji, don abin yana son sauri da hannu huɗu. Da idona na ga yadda yake yi, amma bai taɓa ba ni wayar ba, ni ma ban taɓa nema ba.

A bana, farkon damina, wasu da ya ɗauko daga bakin wani yaro Bafulatani suka zauna. Canji ɗaya, biyu, uku, ba gauraye, su kaɗai. Likitan birni ya aiko cewa idan suka kai canji goma a haka, a kawo su, yana da hanyar da zai tura su inda za a gane ko wane iri ne. Alhamis ɗin da ta wuce kafin rasuwarsa muka yi na tara, kwalabe shida. Har ya ba tela ɗinkin jakar da zai rungumo kwalbar a jikinsa a mota, don kada su yi sanyi. Saura canji ɗaya. Wannan shi ne saƙon da Ɗanladi ya kawo mini.

Na tattara kaya a take. Amma kafin mu kai rafin da Ɗanladi ya bar mota a hayinsa, hadari ya haɗo, aka kece da ruwa har yamma. Rafin da ya tsallako da ƙafa da safe ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. Muka kwana a rugar wasu Fulani, Laraba ma muka wuni muna kallon ruwa. Ban taɓa jin rashin dabara irin ta ranar nan ba. Abokina yana cikin ƙasa ban sallace shi ba, amanarsa tana can tana jirana, ni kuma ga ni zaune a kan dutse. Na yi ta maimaita aikin a zuciyata: a ƙona waya, a bari ta huce, a yanko daga ƙarshen hayaƙi, a nutsa can ƙasa, a toshe, a jiƙa sabon soso, a narka kaki. Alhamis da safe ruwa ya ja, wasu samari suka riƙe mu muka haye. Da muka shigo Tudun Wada bayan azahar na ce alhamdu lillahi, ban makara ba.

Na yi wa maza ta'aziyya a ƙofar gida, na nemi iso. Binta tana cikin ɗaki tsakiyar mata, ta lulluɓe, muryarta ta dushe. Muka yi kuka muka yi addu'a. Ta ce, "Malam Sabo, na cika fitilar ranar Litinin da safe, kuma ina hango haskenta ta ƙofa, ba ta mutu ba. Ban dai shiga ba, don Iya aka sauke a ɗakin." Iya ita ce mahaifiyarsa, an ɗauko ta daga Tiga ranar da ya rasu.

Na yi sallama a ƙofar ɗakin. Tsohuwa tana zaune a kan tabarma da carbi, 'yar ƙarama, idanunta sun kumbura. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi. Ta ce, "Kai ne abokin nasa mai allura? Yana yawan zancenka." Ba ta ambaci sunansa ba, ɗan fari ne. Ina amsa mata idona ya kai kan akwatin. Fitila tana ci, ƙofar akwatin a buɗe, ba komai a ciki. Kwalbar alewa tana ƙasa, murfinta a gefe, kakin a ɓalle. 'Yan kwalaben shida kuwa ga su jere a bakin taga, an cire musu auduga, an ajiye ɗan kasko da ruwa kusa da su.

Ta ga inda nake kallo. Ta ce, "Jikokina ne suka ce mini wai akwai masu rai a ciki, baƙin babansu. Ɗan nan, na kasa samun sukuni. Yaya za a kulle bayin Allah a cikin zafi, a liƙe da kaki, ba iska, ba ruwa? Shi ya tafi, ba mai ba su haƙƙinsu. Na ji tsoro kada alhakinsu ya bi shi kabari, ga shi shi kaɗai a can. Tun shekaranjiya na sa wuƙa na ɓalle murfin, na fito da su su sha iska. Idona bai gan su ba, amma Allah yana ganinsu." Ta dube ni ta ce, "Na yi daidai ko?"

Na sake duban tagar. Shekara huɗu na mutumin nan ne jere a taga, ƙuda na sauka a kai. Ga kuma uwa da ta binne 'yarta saboda wannan ciwo, yanzu ta binne ɗanta, abin da ya rage mata ta yi masa a duniya ke nan, ta kuwa yi. Na ce, "Kin yi daidai, Iya. Allah ya saka miki da alheri." Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To alhamdu lillahi. Yanzu hankalina ya kwanta."

Duk da haka na kwashe su na tafi asibiti. Na yanko daga can ƙasan kowace kwalba, inda nake fatan iska ba ta kai ba, na yi canjin na goma kamar yadda na gani yana yi. Washegari da rana ta fito na ɗora ragowar a madubinsa. Suna nan, farare a cikin baƙi, amma a miƙe, ba mai motsi, wasu ƙwayoyi na daban suna ta kai da kawo a tsakaninsu. Na jira mako guda ina gyara lagwani safe da yamma. Hayaƙin nan bai fito ba, sai hunhuna. Na gaya wa Binta. Ta ce, "Kada Iya ta ji."

Yau kwana arba'in. A tsakanin nan sau uku ina gwadawa daga farko, da littafinsa a buɗe a gabana, da zomayensa, da ruwan tumbi daga Kiru. Mahautan ba su yi mini tsiya ba, suka cika gwangwanin suka ce Allah ya jiƙan Mai Madubi. Daga dasashina nake kankarowa, tunda ya nuna mini suna nan. Suna nan kuwa, a bakin da nake yi masa addu'a da shi, amma sun ƙi zama a kwalbata. Ya ce hannuna zai iya. A wannan kaɗai na san Malam Iliya ya faɗi abin da bai gani ba, kuma na san don ya ƙarfafa mini gwiwa ya faɗa. Na rubuta wa likitan birni cewa kada ya jira. Makon jiya aka kawo wata yarinya daga wajen Yako, kunci ya riga ya huje. Na yi mata allura, na durƙusa na gaishe ta da sunanta, ban toshe hanci ba. Abin da na iya ɗauka daga aikinsa ke nan.

Na rubuta wannan ne don 'ya'yansa idan sun girma su san abin da ubansu ya yi, kuma har ina ya kai, don ba wata takarda da za ta faɗa. Roƙona ga duk wanda ya karanta, musamman mutanen Tiga: don girman Allah kada a kai wa Iya wannan magana. Ta koma gida da sanyin zuciya cewa ta sauke wa ɗanta nauyi. A bar ta a haka.

Allah ya jiƙan Malam Iliya, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya sa duk fuskar yaron da ya duba bai kau da kai ba ta zama sheda gare shi ranar gobe, ya haɗa shi da ƙanwarsa Talatu a gidan da ba ciwo. Allah ya ba Binta haƙuri da juriya, ya raya 'ya'yan da ya bari, ya shirya su, ya zama gatansu. Allah ya kawo wanda zai ƙarasa abin da ya fara, ya kare 'ya'yan talakawa daga wannan ciwo. Ni kuma Allah ya yafe mini amsar da na ba tsohuwa. Ita kuwa Iya, ya Ubangiji, kai ka san abin da ta nufa da ta ɗauki wuƙar nan. Ka karɓi niyyarta. Yadda ta ji tausayin bayinka da ba ta ko gani, ta kai su taga, ka buɗe wa ɗanta taga daga aljanna, iskarta ta riƙa shigo masa kabari har ranar tashi. Amin.